Bakin Roka a Jakar Kawu

Shekarata ta uku a sashen injiniya na jami'a a birnin Giza, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta ɗora mini aikin bakin roka, wato maƙogwaron da wuta ke fita ta cikinsa. Na farko da muka yi na ƙarfe ne, ya narke kamar kitse a kasko. Malaminmu ya ce a koma girafayit, irin baƙin da ke cikin fensir, don shi ne ke jure zafi.

Zane na iya, amma hannuna bai san injin sassaƙa ba. Sai aka haɗa ni da wani dattijo Bahaushen Sudan mai aiki a wata maƙera a unguwar Hayyin Ashir. Kawu nake ce masa, shi kuwa Injiniya yake kirana, har da ɗan tsokana. Kwana huɗu yana sassaƙa, yana aunawa, yana tari saboda ƙura.

Ranar da ya gama, ya ce zai raka ni, yana so ya ga inda ake gwadawa. Ya sa abin a jakarsa don kada ya ɓata mini riga.

Lokacin gari ba lafiya, ana binciken jaka a ƙofar tashar metro, jirgin ƙasa na cikin gari. Ni na riga na wuce. Da na waiga, ɗan sanda na juya bakin rokar a hannu, wani ya riƙe Kawu a kafaɗa. Takardar makaranta mai bayanin komai tana aljihuna. Na kuma san izinin zaman Kawu ya ƙare, ga mata da 'ya'ya uku a gida. Amma abin da ya zo mini shi ne koren fasfona, da abin da ake faɗa kan 'yan arewa a labarai. Jirgi ya tsaya, na shige.

Sati biyu ya yi a tsare. Mai maƙerar ya tsorata ya sallame shi, hukuma kuma ta ba shi wa'adin barin ƙasa. Ina kunyar zuwa gidansa, amma na je, na tarar suna ɗaure kaya.

Ya kama hannuna ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Injiniya, na ɓatar maka da aiki. Gara da ka wuce ba ka gani ba, da sun haɗa da kai."

Na ce, "Wallahi Kawu, ban gani ba."