Gadar Azara da Na Sa Aka Cire

Ofishinmu na Paris ne ya tura ni Lyon horon mako biyu kan gyaran tsofaffin gine-gine. Ban so zuwa ba. Ni injiniyan siminti ne, kuma a lokacin gani nake duk abin da gara za ta iya ci bai cancanci a ɓata masa takarda ba. A Villeurbanne aka sauke mu, kusa da jami'a. Rana ta huɗu aka zuba mu a mota, aka yi ta hawan tsaunuka da mu har wani ƙauye, wai za a nuna mana gada.

Gadar katako ce mai rufi, kamar doguwar rumfa, tsawonta bai fi taku talatin ba. Rafin da ke ƙarƙashinta kuwa, akuyar garinmu ma sai ta tsallake shi tana tuƙa. Na ce a raina, lallai mutanen nan sun rasa aikin yi.

Wata tsohuwar kafinta ce ke jagorantar gyaran. Ta ce rufin ba don mutane aka yi shi ba, don katakon ne, kada ruwa ya taɓa shi. Kafin su cire ko allo ɗaya sai sun ba shi lamba, sun ɗauki hotonsa. Inda ya ruɓe kaɗai suke yankewa, su dasa sabo, su mayar da shi mazauninsa. Daga nan ta haska mana wani ginshiƙi da tocila, ta nuna wasu 'yan zane-zane da aka sassaƙa a jikinsa. Ta ce, "Alamomin waɗanda suka gina ta ke nan, kowa da tasa. Sunayensu sun ɓace, wannan ne kawai ya rage mana."

Na san irin waɗannan zane-zane tun ban iya wanke hannu ba.

Babana ne mai kula da gadar garinmu, can ƙasar Maraɗi. Ta azarar giginya ce, babu rufi. Duk shekara bayan girbi sai a yi gayya, a sauya azarar da ta gaji. Gidan da ya kawo sabuwa, Baba zai sa gizago ya sassaƙa alamar gidan a bakinta. Maƙera da tasu, mahauta da tasu, gidan liman da tasa. Giginya ba ta saurin ruɓewa, don haka akwai alamun gidajen da yunwa ta tayar tun kafin a haife ni, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Baba yakan tsayar da ni ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa hankalina na lakkwal, wato makarantar boko, ƙafata sai ƙaiƙayi take.

Bayan rasuwarsa, mu 'yan garin da ke Paris muka riƙa taruwa bayan sallar Juma'a a ɗakin bayan wani shagon waya a Goutte d'Or, muka yanke shawarar yi wa gari gadar siminti. Ni na zana ta, ana ta shafa mini kai. Da yayana ya tambaye ni a waya yadda za a yi da tsohuwar, cewa na yi a cire ta, ta tare wuri. Ba wanda ya tilasta ni. Da na matsar da zanen taku ashirin ƙasa, da duka biyun suna tsaye. A takardar aikin ma, da hannuna na rubuta ta cikin tarkacen da za a kwashe. Har yau in na tuna ina jin haushin kaina, ina jin haushin karatun da ya koya mini ƙarfin ƙarfe bai koya mini kunya ba.

Da na koma ɗakina a Saint-Denis, abu ɗaya nake so: azara guda mai saran gizagon Baba, ko da guntuwa ce. Ranar Lahadi da la'asar na kira yayana. Muka gaisa a gajarce.

"Yaya, azarar tsohuwar gada, ina aka ajiye ta?"

"Wace azara kuma, Injiniya? Mi za ka yi da ruɓaɓɓen icce?"

"So nake a ware mini ɗaya mai alama. Ko ta gidanmu ce kawai."

Ya yi dariya har da tari. "Kai da ka ce a kwashe? Ai ranar buɗe gadarka da ita munka dahwa shinkahwar baƙi. Icce ne busasshe, mata sun yaba. Ko guntu bai rage ba."

Na zauna a bakin gado, wayar na kunnena. Ya ɗauka layin ne ya yanke.

"Alo? Kana ji na? Ai kana wurin, cikin babbar riga, bisa kujerar gaba. Ka ci, har ka ce a ƙaro maka."