Babban Yatsan Baba Danna

A kamfanin da nake aikin jera kwalin ƙwai akwai wani dattijo da muke ce wa Baba Danna. Na ga cin mutunci iri-iri a duniya, amma ban taɓa ganin wanda aka yi wa shi a hankali, ana murmushi, kamar mutumin nan ba.

Aikinmu ba wuya. Ana jiƙa tsofaffin takardu su zama kamar taɓo, inji ya buga su siffar kwali, sai a tura su cikin wani dogon tanderu mai aiki da gas su bushe. A gindin tanderun akwai wani jan madanni. Ƙa'idarsa ita ce a danna shi lokacin kunna wuta, har wani siririn ƙarfe da ke cikin harshen wutar ya yi zafi, sannan a saki. In wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, gas ya yanke da kansa, don kada ya taru ya tashi da mutane. To, ƙarfen nan ne ya lalace. Da an ɗaga hannu daga madannin sai wuta ta ɗauke.

Mai kamfani mutum ne da ko gumin jikinsa ba ya so ya zuba a banza. Maimakon ya sayi sabon ƙarfe, sai ya tuna da yayan matarsa da ke zaman kashe wando tun da aka sallame shi daga aikin gadi. Dama matar ta hana shi sakat a kan ɗan'uwan nata. Ya kira shi ya nuna masa kujera.

"Yaya, ga aiki na samo maka, na zaune ma. Ka danna nan, ka sa ido a tagar nan ta gilashi. In ka ga wuta ta mutu, ka saki. Shi ke nan."

Wani zai ɗauki wannan aikin abin kunya. Baba Danna ya ɗauke shi amana. Shi ke riga kowa zuwa. Manaja ya buɗe babban famfon gas, Baba ya danna, ba zai ɗaga ba sai manaja ya rufe famfon a lokacin hutun rana, haka kuma in an tashi. Shekaru suka yi ta tafiya, yatsan ya baje ya yi faɗi, farcen ya yi baƙi ya mutu. Gefen fuskarsa da ke kallon tanderu ya fi ɗayan duhu. Amma in ka ji shi yana magana, sai ka rantse shi ne ya gina kamfanin.

"'Yata," yakan ce mini, "ku dai ku yi ta jera kwalinku. Rayukanku duka suna ƙarƙashin yatsan nan."

Mu mata muna girmama shi, don mun yarda da maganar. Mazan da ke aikin inji kuwa sun mai da shi abin wasa. Su cika shi da shayi da safe, sannan su tsaya suna kallonsa yana matse ƙafafu har azahar. Su ajiye masa abinci inda hannunsa ɗaya ba zai kai ba. Wani ya zo ta baya ya yi ihu, "Baba, ta mutu!" ya zabura, su kuma su faɗi suna riƙe ciki. Dariyar tasu ta yi mini yawa a kan wasan, amma ban gane dalili ba.

Wata rana da hantsi babbar 'yarsa ta shigo da goyo a baya, ko takalmi babu.

"Baba, ka taso! Jikin Mama ya rikice, sunanka kawai take kira."

Tanderu cike yake da ɗanyen kwali. Baba ya dubi manaja. "Ranka ya daɗe, a ba ni wani ya riƙe mini."

Manaja ya taɓe baki. "Wa ya iya in ba kai ba, Baba? In rufe gas kuma kayan nan su lalace, ka je ka gaya wa surukinka da bakinka."

Na ce zan riƙe. Baba da kansa ya hana ni, wai idona bai saba da launin wutar ba, kada in kashe jama'a. Ya ce wa 'yarsa ta je, yana nan tafe da an yi hutu. Da aka yi hutun ya tafi da gudu, ya tarar an riga an rufe wa matarsa fuska. 'Yar ba ta sake yi masa magana ba sai gaisuwar dole. Shi kuwa da ya dawo aiki, abin da yake rarrashin kansa da shi ke nan: rai ɗaya ya tafi, amma ya tsare da yawa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan wasu watanni, rina ta shigo ta taga ta harbe shi a wuya. Ya yi ƙara, ya kai hannu biyu wurin. Nan take ya tuna, ya juyo a firgice.

Wuta tana nan tana ci, shuɗiya, ko gezau.

Ya tsaya yana kallon madannin, babu kowa a kansa. Ya danna, ya saki. Ya sake dannawa, ya saki. Babu abin da ya canja. Sai dariya ta ɓarke daga wajen inji, irin wadda aka daɗe ana dannewa. Mu mata muka yi cirko-cirko.

"An gyara ne?" Baba ya tambaya.

"Wane gyara?" in ji manaja yana share hawayen dariya. "Bakanike ne ya cusa noti ya danne abin daga ciki. Madanninka ba ya haɗe da komai."

"Tun yaushe?"

"Kai, an daɗe. Tun kana sabon zuwa."

"Ranar da 'yata ta zo..."

Manaja ya ɗauke kai yana gyara hularsa.

Hayaniyar ta fito da mai kamfani daga ofis. Da ya ji abin da ya faru, ko a jikinsa.

"Yaya, meye na ɓacin rai? Ƙanwarka ce ta ce kada in kore ka. Ni kuma ba na ciyar da ƙato yana zaune hannu sake. Ai gara ka riƙa danna wani abu."

"To in wutar ta mutu fa? Me zai yanke gas ɗin?"

"Ta taɓa mutuwa? Bar mu da Allah. Kujera dai ga ta nan, ƙofa ma ga ta can. Ka zaɓa."

Ranar na tsani mutumin nan har cikin raina, kuma har gobe ban daina ba. Na so Baba ya tofa masa yawu ya fita. Amma ina zai je? Ya tsufa, ɗakin da yake kwana na surukin ne, 'yarsa kuma ba ta son ganinsa. Ya ɗauki hularsa ya fita, muka ce shi ke nan, ya tafi.

Washegari da na iso, yana kan kujerarsa, wuyansa a kumbure. Na gaishe shi, bai ɗago ba. Manaja ya zo yana fito da baki, ya buɗe babban famfo, wuta ta kama. Mazan inji suka taru a bayansa suna ƙyafta wa juna ido.

"Baba," in ji manaja, "riƙe da kyau fa, kada ka kashe mu."

Baba ya ɗora yatsansa ya danna.