Ƙwan dodon koɗi a takin Baba

Shekarar da na dawo Gaya da diplom ɗin aikin gona, ban samu aiki ba. Abin da na samu shi ne dodon koɗi. A cikin lodin abarba da aka ƙetaro da shi daga Malanville na tsince shi, ƙato, ya cika tafin hannu. Na sa shi a tsohon baho da ƙasa mai laima, na rufe da gidan sauro, ina ba shi ɓawon kankana. Inna ta ce ƙazanta ce, amma tunda ɗaya ne ta ƙyale ni.

Duk Juma'a nakan sauya masa ƙasa. Tsohuwar kuma in juye ta a kan jujin bayan gida, inda ake tara kashin tumaki da toka. Wannan juji shi ne takin da Baba yake tarawa shekara guda saboda lambunsa na bakin kogi.

Ƙarshen damina, ina sauya ƙasa, sai yatsana ya taɓa wasu ƴan ƙwallaye masu ruwan ɗorawa, kamar manyan wake, jibge a ƙasan bahon. Ƙwai ne. Na san a karatu cewa kowane dodon koɗi mace ne kuma namiji, yana kuma iya riƙe abin da ya samu wajen barbara tun kafin a kama shi, ya yi ƙwai daga baya. Na sani, amma ban taɓa duba ƙasar da nake zubarwa ba. Ga shi a makon nan aka kwashe jujin a amalanken jaki aka kai lambu.

Da gudu na tafi. Takin yana nan a tsibe, kusa da fangalin da Baba ya yafa irin salati da kabeji. Na durƙusa ina tonawa da hannu, ina murza kowane dunƙule. Duk ƙaramin dutse sai in ɗauka ƙwai ne. Irin wannan dabba, in ta samu laima da ganye, tana iya cinye fangali kafin gari ya waye, ko aƙalla haka na karanta. Lambunan maƙwabta kuma a manne suke da namu.

A haka Baba ya same ni. Na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, ya dai tambaya ko na ga ƙwan a cikin takin. Na ce ban gani ba, amma rashin gani ba ya nufin babu. Na ce zafin taki yana iya kashe su, sai dai gefen tsibin bai da zafi sosai. Na ce wataƙila wannan ne karo na farko da ya yi ƙwai, wataƙila kuma ba shi ba ne.

"Kai ne ka yi karatun," in ji shi. "In watsa ko kada in watsa?"

"Baba, ba zan iya rantsuwa ba."

Ya dubi tsibin. Sannan ya ce in ɗebo kara da busasshiyar ciyawa. Muka baza takin, muka lulluɓe shi, ya ƙyasta ashana. Kwana ya yi yana cin wuta a hankali, har ya koma toka.

A ƙasa marar taki muka dasa salati a shekarar, ya fito ƙanana, ganyen ja-ja. Har yau ban sani ba ko akwai ƙwai ko ɗaya a cikin abin da muka ƙona.