Muryar Inna a Tsohon Kaset

Inna ba mawaƙiya ba ce, 'yar amshi ce. Mai banda kifi ce a bakin ruwa kusa da Wara, hayaƙi ya cinye mata murya har ta dushe. Amma duk lokacin da wata shahararriyar mai kiɗan ƙwarya ta ƙasar Yauri za ta yi wasa, sai ta aiko a kira ta. Sau ɗaya aka ɗauke su a kaset. Kaset ɗin ya zagaya kasuwanni da jiragen ruwa, daga Shanga har Ngaski. Ba a rubuta sunan Inna a jikinsa ba. Ko an rubuta ma, a lokacin ban iya karatu ba; sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ni kaɗai na san inda take a cikin waƙoƙin. Kullum takan makara. 'Yan amshi su ɗauka tare, ita kuma ta biyo baya da kamar rabin numfashi, ta kuma ƙare bayan kowa. Wannan 'yar jelar murya ita ce abin da ya rage mini nata. Ba mu da hotonta.

Bara ƙanena, wanda ya yi ritaya daga koyarwa a Yelwa, ya kira ni ɗakinsa. Mutum ne mai son sauti, lasifikoki har biyu ya jera kamar akwatunan amarya. Ya ce wasu masana a birni sun sake fitar da waƙoƙin, sun wanke su tas.

"Yaya, zauna ki ji. Ƙwarya kamar a gabanki ake bugunta. Babu shuu, babu ƙara."

Na ji. Gaskiya ƙwarya ta fito, muryar uwar waƙa kuma har numfashinta ana ji. Amshi ya zo, ya tafi, a yanke kamar da wuƙa. Na jira na biyu. Haka.

Na ce, "Ina Inna?"

"Tana cikin amshi mana."

"Ba ta ciki. Sun share ta da dattin."

Ya yi dariya, ya ce kunnena ya saba da tsatsa. Wai abin da nake ji amsa-kuwwa ce ta ɗakin da aka yi ɗaukar, kuskure ne, an gyara. Na ce masa uwata ba kuskure ba ce. Yana da shekara huɗu ta rasu, don haka ban ja da nisa ba.

Tsohon kaset ɗin yana wurina cikin gwangwanin madara. Zarensa ya tsinke sau biyu, na haɗa da salatif. Na daina sa shi, don kowane ji yana rage masa kwana. Ƙanena ya ce in kawo a juye shi cikin waya, amma dole ya zaga cikin rikoda daga farko har ƙarshe, kuma rikoda na iya taune shi. Sati biyu ina juya maganar.

Ranar da na kai, na rubuta a takarda da hannuna: kada a wanke, kada a rage komai. Na ajiye masa a kan lasifika.

"Har da takarda, Yaya? Kotu muka zo?"

"Karanta dai. Na san halinka da gyare-gyare."

Ya danna. Shuu ya cika ɗakin, kiɗan ya fito can ƙasa kamar daga cikin tulu. Ya yamutsa fuska. Da amshi na farko ya ƙare na ɗaga yatsa. Ga ta nan, a dushe, ita kaɗai, bayan kowa ya yi shiru.

A amshi na uku shi ya riga ni ɗaga yatsa.

Cikin waƙa ta huɗu zaren ya tsinke, wannan karon ya cukurkuɗe yadda ba ya haɗuwa. Uku da rabi muka samu. Ya zare abin da ya rage a hankali, ya naɗe, ya mayar mini cikin gwangwani.

Har yau yana cewa sabon ya fi sauti, kuma ban ƙaryata shi ba. Amma matarsa ta faɗa mini wanda yake sawa in ya dawo daga sallar La'asar.