Ranar da Dokata Ta Hana Ni Cin Shinkafa

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, na tabbata akwai wani cin abincin rana guda da zai bar min. Tarukan bita na halarce su da yawa, galibinsu ba na tuna komai sai lemon kwalba da jakar da aka raba, amma wannan kam yana nan daram a raina.

A lokacin ni ne manajan wani ƙaramin gidan kula da tsofaffi marasa galihu a wajen Gwallaga. Sabon shiga ne ni, ga rawar kai, ga son a ce na kawo gyara. Gyaran da na fi taƙama da shi na abinci ne. Na hana a haɗa hannu a tire, na sayo kwanuka masu murfi, kowane tsoho da nasa, a kai masa har ɗaki ya ci cikin tsabta.

To akwai wani dattijo da aka kawo mana daga Ƙofar Dumi, tsohon baduku, ido ya yi rauni, dangi sun ƙare. Baba muke ce masa. Tun da ya zo, kusan yadda aka kai kwanonsa haka ake dawowa da shi, in ya yi ƙoƙari ya kai loma biyu. Mun canza miya, mun gwada kunu, mun gwada fura, duk a banza. Likita ya duba bai ga ciwo ba, ya ce idan aka ci gaba a haka sai dai a kwantar da shi asibiti a zura masa roba ta hanci. Baba ya ce shi dai a bar shi ya koma ga Allah da hancinsa lafiya. Da wannan damuwar na tafi bitar.

Bita ce ta koyar da shugabanci ga manajojin gidajen marayu da na tsofaffi, a ɗakin taron wani otal. Mai horar da mu wata 'yar kudu ce, gajera, mai fara'a, wadda ta tashi a barikin Shadawanka, don haka a bakinta mace da namiji duk "kai" ne. Da safe ta ce kowa ya miƙe ya faɗi doka ɗaya da ya kafa a wurin aikinsa wadda yake alfahari da ita. Wata Hajiya mai gidan marayu ta ce ta hana magana lokacin cin abinci. Wani ya ce su ƙararrawa suke bugawa, ko ka ƙoshi ko ba ka ƙoshi ba a ɗauke kwano. Ni kuwa na gyara zaman babbar riga na zuba bayanin kwanukana, har tafi aka yi min.

Bayan azahar, ƙamshin abinci ya cika wurin, sai matar nan ta tafa hannu ta ce, "To shugabanni, yau kowa zai ci abinci da dokar kansa. Hajiya, kai ba magana. Oga mai ƙararrawa, ga agogo a hannuna. Kai kuma mai kwano, biyo ni."

Ta kai ni wani ɗan ɗaki da ake jibge kujeru, ta ajiye min dafa-duka da cinyar kaza a kwano mai murfi, ta ja ƙofa.

Ni fa mutum ne mai son abinci, uwargida shaida ce. Amma ina zaune ina jiyo shewa daga zauren taro, ana tsokanar Hajiya don ta yi magana, ana yi wa mai ƙararrawa kirari yana ɗura shinkafa kamar za a ƙwace. Ni kuma ba abin da nake ji a kusa sai taunar kaina. Cokali na farko ya wuce da ƙyar, na biyu ya tsaya a maƙogwaro. Sai na tuna mahaifina. Tunda na buɗe ido ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. Ana idar da magariba maƙwabta za su fito da kwanukansu ƙofar gida a yi ciyayya, ana ci ana musu. Na dubi kwanon da ke gabana, na ga daidai yadda na Baba baduku yake dawowa kicin. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Da ta buɗe ƙofa ta leƙa kwanon, ta ce, "Oga, abincin ba daɗi ne?"

Na ce, "Madam, abinci lafiya lau. Mai dokar ne ba shi da hankali."

Ta yi dariya har da dafa bango.

Ana tashi na tari keke, ban ko biya gida ba. Na ce wa mai girkinmu ta zuba tuwon dare a babban tire guda, a shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Ta ce, "Manaja, dokar fa?" Na ce dokar ta tafi hutu, a dai kawo ruwa da sabulu.

Aka fito da tsofaffin, aka zaunar da Baba kusa da ni. Kowa ya sa hannu ban da shi. Na ce a raina shi ke nan, hancin Baba ya tafi. Cikin ruɗewa ban san na kai hannu na yanko loma daga gabansa ba. Ashe ɗan ganin da ya rage masa ya isa kama ɓarawo.

"Kai yaro, wa ya koya maka cin tuwo? Ci gabanka!"

Tsofaffin suka fashe da dariya. Ya ce, "Miƙo min ruwan nan in nuna maka yadda ake yi." Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya shiga ci yana ba mu labarin wani maƙwabcinsa da kullum miyar gidansa gishiri ke yawa amma ba mai iya faɗa. Shi ya suɗe tiren. Ba a taɓa zura masa robar nan ba har Allah Ya karɓi abinSa bayan shekaru.

Satifiket ɗin bitar ban san inda ya shige ba. Abin da na riƙe shi ne, duk dokar da zan kafa wa mutanen da ke hannuna, sai na fara shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗanɗana ta da bakina. In ta ƙi wuce maƙogwarona, ba na miƙa wa kowa.