Akwatin da Aka Dawo wa Malam Tsaf

Shekara arba'in da ɗaya Malam Tsaf ya yi yana bugun kwano a rumfa guda, tsakanin mai gyaran rediyo da mai facin taya. Akwatunan ƙarfe yake ƙerawa, da mazurari, da indararo. Sunan ma daga bakinsa aka ciro shi, don ba ya miƙa maka kaya sai ya shafa gefensa da tafin hannu ya ce, "Tsaf." Fara'a kam ba shi da ita, ciniki da shi kuwa sai mai haƙuri. Amma yana da abin taƙama guda: tunda ya kama guduma ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya lalace ba. Bai gina gida ba, ko babur bai saya ba. Wannan shaidar ita ce duk abin da ya tara a duniya.

Autarsa tana da ɗan shago inda take buga wa mutane takardu da kwamfuta. Wata rana ya leƙa ta, sai ya tarar da kayan cikin kwamfutar zube a kwali, wayoyi ko'ina, wai akwatinta ya fashe wajen kwashe kaya. Tun daga nan, da ta kunna, rediyon telan da ke maƙwabtaka da ita sai ya kama shuuu, telan ya kama mita.

"Kada ka damu, Baba, za a sayo wani," in ji ta.

"A sayo? Ina raye?"

Bai san komai a kan kwamfuta ba, kuma bai yi ƙaryar ya sani ba. Ya haɗiye girman kai ya shiga wurin Mai Rediyo, wanda suka shekara ashirin suna faɗa a kan inuwar rumfa.

"Yau kuma kai ne ɗalibi?" in ji Mai Rediyo, yana dariyar ƙeta. "To buɗe kunne. Abin nan zafi ne ajalinsa, sai iska ta shiga ta gaba ta ƙasa, fanka ta fitar da ita ta baya ta sama. Amma kada ka yi mini wawakeken rami, ta nan hayaniyar take fita ta shiga rediyon mutane. Ƙananan huji za ka yi, da yawa. Murfi da jiki kuma su haɗu ƙarfe da ƙarfe. Koriyar wayar nan ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Ka ɗaure ta a kan tsurar ƙarfe, in ba haka ba wuta ta ja 'yarka."

Kwana tara Malam Tsaf ya yi a kan sabon akwatin, ya ture aikin kowa. Huji ɗari huɗu ya yi da ƙusa, kowanne bai wuce kan ashana ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge kaifinsu don kada su yanki yatsan Auta. Inda koriyar waya za ta zauna ya murje shi da samfefa har yana ɗaukar ido, ya ɗaure da noti. Mai Rediyo ya jera kayan a ciki, aka kunna, ya kawo rediyonsa dab da akwatin. Ko tari rediyon bai yi ba. Malam Tsaf ya shafa murfin ya faɗi kalmarsa, sannan ya ja wa Auta kunne.

"Kada a shafa masa komai. Haka yake so, tsirara."

Sai ga mijin Auta. Ma'aikacin ofis ne, irin mutanen da ke goge takalmi sau biyu kafin azahar. Yana ganin akwatin ya kama baki.

"Wannan akurkin kajin za ki ɗora a gaban jama'a?"

Ta faɗa masa abin da Baba ya ce. Ya ce tsofaffi ai ba su san kwalliya ba. Ranar hutunsa ya kwance kayan ciki, ya sayo baƙin fenti mai kauri da buroshi, ya lafta ciki da waje har shafi biyu. Fenti ya cike hujin nan, ya rufe bakin murfi, ya binne wurin da aka murje. Da ya bushe ya mayar da koriyar waya ya ɗaure ta a kan fentin. Kai, ya yi kyau fa, wannan ba a musu. Auta tana tsaye, ita ta riƙe masa gwangwanin.

Washegari telan ya dawo da mitarsa. Bayan kwana biyu Auta ta taɓa akwatin ta ji zirrr har gwiwar hannu, ba ta faɗa wa kowa ba. A mako na uku, da tsakar rana, ƙauri ya tashi, allon ya yi baƙi, takardun mutane suka tafi da shi.

Washegari da hantsi suka kawo akwatin, lokacin da layin su Malam Tsaf ya cika. Surukin ya dire shi a kan teburin aiki, ya rusuna, ya ɗaga murya yadda mai faci da abokan cinikinsa za su ji.

"Baba, mun gode, wallahi kun yi ƙoƙari. Sai dai harkar zamani ba ta guduma ba ce. Ya ƙona mana na'ura."

Malam Tsaf ya ɗaga akwatin ya saita shi da rana. Ko ɗigon haske bai ratso ba. Ya sa farce a gindin notin ya kankare, baƙin fenti ya ɓantaro. Ransa ya ɓaci. Magana ɗaya ce za ta wanke shi, ga ta a bakinsa, ga Mai Rediyo ya taso yana nannaɗe hannun riga.

Ya dubi Auta. Idonta ya ciko, tana girgiza masa kai a hankali. In ya tona, ya kunyata mijinta a gaban layi, ita kuwa gidan mijin nan za ta koma ta kwana. Yana cikin wannan tunani sai ta riga shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙila hannun ne ya soma gajiya, Baba. Ai shekaru sun ja."

Wannan ta fi ta surukin zafi, nesa ba kusa ba. Da wannan hannun ya goge huji ɗari huɗu saboda yatsanta.

"Haka ne," ya ce. "Ya gaji." Ya ɗaga wa Mai Rediyo hannu ya dakatar da shi, Mai Rediyo ya koma ya zauna.

Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen layi: an dawo wa Malam Tsaf da aiki. Masu jin haushin tsaurinsa suka samu na taunawa. Mai Rediyo ya yi ta faɗin gaskiya, aka ce ai dole ya kare abokin aikinsa.

Akwatin yana nan ƙarƙashin teburinsa. Ya bi hujin nan da ƙusa ya buɗe su duka, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya zo ya gani. Har yanzu yana buga mazurari da indararo, aikin kuma yana nan yadda yake. Sai dai yanzu miƙa maka kawai yake yi, ba ya shafawa, ba ya cewa komai. Kwanan baya wata mata da ta zo karɓar akwati ta tambaye shi me ya sa ake ce masa Malam Tsaf.

"Tsohon suna ne," ya ce, ya ci gaba da bugu.