Haƙorin Makka a Filin Abhur

Mun tashi da asuba daga Sa'alaba, unguwarmu a Jidda, a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, mu da ƙwallonmu da tulun ruwa, za mu Abhur wasan sada zumunci da ƙungiyar masunta. Ni ne mai horar da 'yan wasan unguwarmu, aikin da babu albashi sai ciwon kai, kuma da ciwon kan na hau motar.

Damuwata ita ce wa zan ba tsakiyar fili, wato mai raba ƙwallo, wanda a kansa ake gina ƙungiya. Akwai wani kafinta haifaffen Jidda, ba shi da sauri amma kullum yana nan. Akwai kuma wani alhaji ɗan Kano da ya zo Hajjin bana, ƙwallo na bin ƙafarsa kamar ɗan akuya da uwarsa. Ya rantse ya zauna ke nan, wai har ya samu kafili, ubangidan da zai tsaya masa ya samu takardar zama. Ni dai ban yarda ba. Kowace shekara a kan alhazai muke gini, jirgi ya ɗaga ya bar mu da riguna. Shi kuwa kafintan ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: in yau ma benci ne, 'yan ƙungiyar unguwar Bani Malik suna nemansa.

A bakin gari muka karya da tamis da ful, burodi mai zafi da wake, araha kamar kyauta. Kowa ya duƙufa, alhajin kuwa shayi kawai yake kurɓa ta gefen baki. Aka yi barkwanci, ya yi dariya hannunsa a kan leɓe. Na ce a raina, akwai magana.

Daga nan kwalta ta miƙe arewa, teku a hagu, yashi a dama, sai raƙuma jefi-jefi. Muna sauka daga kwalta motar ta kafe a rairayi, muka tura ta har fili, ga shi ba a ma fara wasa ba.

Dattawan ƙungiya suka sa ni a tsakiya. "Ya ustaz, halas, ya isa haka, sa alhaji. Zarginka ya yi yawa!" Na sa shi, raina ba daɗi.

Ya yi wasa kam, ba ƙarya. Da ya zura ƙwallo a raga sai murna ta ɗebe shi, ya manta ya wage baki, rana ta haska haƙorin zinariya sabo fil. A Jidda wa za ka burge da haƙorin Makka? Ba mai sa shi sai wanda zai koma gida a gani. Na ja shi gefe.

"Alhaji, yaushe ne jirgin?"

Ya sunkuyar da kai. "Jibi. Tsohuwa ce ta matsa."

Masunta suka cika mu da shinkafa da soyayyen kifi, amma na kasa ci. A hanyar dawowa, daidai Bani Malik, kafintan ya bubbuga jikin mota, aka tsaya ya sauka. Ya rataya takalmansa a wuya, ya ce, "Yalla ya ustaz, ma'assalama." Bai waiwayo ba.

Tafiyar nan ta koya mini cewa ƙungiya sai da mazauna, ko da ba su da sauri. Mun iso gida dab da magariba, dattawa na ta waƙar nasara, ni kuwa ina kallon rigar tsakiyar fili a cinyata, ba wanda zai sa ta a wasan ranar Juma'a.